Kafin ki biya ɗan soshiyal midiya kuɗin talla: abin da ya sami Ranveer Allahbadia

Tambaya: "Ina sayar da yadi da gyale da nake sarowa daga birnin Surat na Indiya. Wani matashi mai mabiya da yawa a TikTok da Instagram ya nemi naira dubu 600 don ya yi mini talla na wata uku, kuma yana son kuɗin duka a gaba. Mai ba ni kaya a can ya ce in yi hattara, in dubi abin da ya sami Ranveer Allahbadia. Wane ne shi, kuma me ya haɗa shi da cinikina?"

Hajiya, mai ba ki kaya ya yi miki gata. Kada ki biya kuɗin nan duka a gaba.

Ranveer Allahbadia ɗan Mumbai ne, an haife shi a 1993, ya karanta injiniyanci. A 2015 ya buɗe tashar YouTube mai suna BeerBiceps, yana koyar da motsa jiki da tsarin cin abinci. Daga baya ya koma shirin hira, The Ranveer Show, inda ya zauna da 'yan fim, attajirai da ministoci, har da ministan harkokin wajen Indiya, S. Jaishankar. Shi da abokinsa Viraj Sheth suka kafa Monk Entertainment, kamfanin da ke haɗa masu kaya da 'yan soshiyal midiya. Wato harkar tallar da kike shirin shiga, sana'arsa ce. A Maris 2024 Firaminista Narendra Modi da hannunsa ya miƙa masa lambar yabo a New Delhi. Da a ce mai kaya yana neman wanda zai kwantar masa da hankali, da wuya ya sami wanda ya fi wannan tsabtar suna.

A Fabrairu 2025 ya je a matsayin baƙo a shirin barkwanci na Samay Raina, India's Got Latent, ya yi wa wani ɗan takara tambayar batsa da ta shafi iyayensa. Guntun bidiyon ya zaga ƙasar cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ranar 10 ga wata ya fito ya ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. 'Yan sanda a jihohin Assam da Maharashtra suka buɗe masa fayil. Mawaƙi B Praak ya fasa zuwa shirin Ranveer, ya kuma faɗa a fili. Samay Raina ya sauke duk shirye-shiryen India's Got Latent daga YouTube. Ranar 18 ga Fabrairu Kotun Ƙoli ta hana a kama shi, amma ta ce ya miƙa fasfonsa, ta kuma dakatar da shi daga sakin kowane shiri. Sai ranar 3 ga Maris ta sassauta, bayan lauyansa ya ce mutum 280 ne ke cin abinci a ƙarƙashin shirin, bisa sharaɗin ya kiyaye ladabi. Bai dawo da shirin ba sai wajen ƙarshen Maris.

Abin da ya shafe ki a nan biyu ne. Maganar da ta jawo masa wannan ba a tasharsa ya yi ta ba, a shirin wani ya yi ta, inda babu mai talla ko ɗaya nasa da ke da ikon cewa a yanke. Sannan duk wanda ya biya kuɗin talla na waɗannan makonni, babu shirin da za a sa tallar a ciki, kuma ko da akwai, ba lokacin da mai kaya zai so a ga sunansa kusa da fuskar mutumin ba ne. Abin da kike saya a wurin yaron nan shi ne yardar da mutane suka yi masa, kuma ba ke kike riƙe da ita ba. Dole tsarin biyan kuɗin ya yi la'akari da haka.

Ki fara da lissafi tun kafin a zo maganar hali. A ce ribarki a kan kowane yadi naira dubu 4 ce bayan kin cire kuɗin saro, dako, kwastan da kai wa mai saye. Dubu 600 tana nufin sai kin sayar da yadi 150 ta dalilinsa kafin ki mayar da kuɗin tallar kawai, ba a fara maganar riba ba. Yadi 50 ke nan a wata, ƙari a kan wanda kike sayarwa dama. Idan yanzu cinikinki na wata bai kai haka ba, tallar ta fi ƙarfin shagon, ko da yaron waliyyi ne.

Yawan mabiya kuma ba ciniki ba ne, ana sayen su. Ki ce ya buɗe ƙididdigar shafinsa a gabanki, a cikin wayarsa, kada ki karɓi hoton da ya turo miki, domin ana gyara shi. Ki duba bidiyo goma na ƙarshe, ki cire wanda ya fi kowanne tashi, ki ɗauki matsakaicin sauran. Ki duba kason mata da maza, shekarunsu, da garuruwan da suke. Mai mabiya miliyan ɗaya waɗanda yawancinsu samari ne masu zuwa kallon raha ba zai sayar miki da gyale ba. Mace mai mabiya dubu 30 da matan aure ke tambayarta inda ta sayi mayafinta ta fi shi amfani a wurinki, kuma kuɗinta ba zai kai nasa ba.

Sannan ki koma baya a shafinsa wata shida, ki kuma nemi sunansa a shafukan wasu: wa yake zama da su, wane irin zama kai tsaye yake shiga da dare, da wa yake faɗa. Ki duba me yake tallatawa. Idan akwai caca, maganin da ba shi da rajista, ko harkar zuba kuɗi a ninka, ki haƙura da shi. A Indiya, hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEBI, ta dakatar da Mohammad Nasiruddin Ansari mai shafin shawarar zuba jari na Baap of Chart a Oktoba 2023, ta kuma umarci a ajiye kimanin rufi (kuɗin Indiya) miliyan 172 da aka karɓa a hannun jama'a. Ranar da irin wannan ta fashe, mutane ba sa tsayawa tantance wace talla ce ta gaskiya a shafin.

Idan yaron ya tsallake wannan binciken, ki yi masa tayin gwaji: mako biyu, bidiyo biyu, naira dubu 100. Kafin alƙalami dubu 30, ciko dubu 70 bayan bidiyo na biyu ya kwana bakwai a shafin. Ki ba shi wata kalma tasa shi kaɗai, wadda duk mai saye da ya faɗe ta zai sami ragin naira 500, ko ki ware layin WhatsApp na daban da ba a sa shi a ko'ina ba sai a tallarsa. Ba tare da wannan ba, ba za ki taɓa sanin ko shi ya kawo cinikin ko kuwa sallah ce ta matso ba. Gwajin dubu 100 yana buƙatar yadi 25 ya biya kansa, ki ƙara huɗu saboda ragin. In ya kai, sai a yi maganar wata uku, a biya wata-wata, a ƙarshen wata. Mafi kyau ma a rage tsayayyen kuɗin a ɗora masa kamasho a kan kowane yadi. Wanda ya yarda da jama'arsa ba ya gudun kamasho.

A rubuta yarjejeniya, shafi biyu sun isa, da shaidu biyu, kuma kuɗin lauyan da zai duba ta bai kai asarar bidiyo ɗaya ba. A sa yawan bidiyo da ranakunsu, da cewa sai kin gani kin amince kafin a saki, da kwanakin da zai bar shi ba tare da gogewa ba, da cewa ba zai tallata yadin wata ba a tsawon lokacin. Sharaɗin da labarin Ranveer ya koyar shi ne na fita: idan aka kama shi, ko kotu ko wata hukuma ta dakatar da shi, ko aka rufe shafin, ko ya yi abin da ya jawo masa Allah wadai a bainar jama'a, a shafinsa ko a na wani, kina da ikon soke yarjejeniyar nan take, ya sauke tallarki cikin awa 24, ya kuma dawo da kuɗin aikin da bai yi ba. Kalmomin "ko a na wani" su ne mutane suke mantawa da su. Amma ki sani, karɓo kuɗi daga hannun wanda ke cikin rigima abu ne mai wuya ko da takarda, shi ya sa biya a ƙarshe ya fi kowane sharaɗi ƙarfi.

Ki kuma nemi kwafin kowane bidiyo a wayarki, da izinin sa shi a shafinki. A Satumba 2024 masu kutse sun ƙwace tashoshin Ranveer, suka sauya musu suna, suka ɗauke bidiyoyin, sai daga baya aka dawo masa da su. Ƙaramin ɗan TikTok ba lallai ya sami wanda zai saurare shi da sauri haka ba. Duk wadda ta saya ta dalilinsa, ki ajiye lambarta da izininta, ta zama taki.

Sai batun doka. A Indiya, tun Yuni 2021 ƙa'idar masu talla ta wajabta wa ɗan soshiyal midiya ya nuna a fili cewa biyansa aka yi, ko da kyautar kaya ce aka ba shi. Dokar kare masu saye ta 2019 ta ba da damar cin tarar rufi miliyan 1 a kan tallar yaudara, miliyan 5 idan aka maimaita, kuma tarar tana iya hawa kan mai kayan da mai tallar. A Najeriya hukumar kula da harkar talla, ARCON, bisa dokarta ta 2022, tana buƙatar a tantance talla kafin a sake ta, har da ta intanet. Ki rubuta a yarjejeniyar wanda zai nemi wannan izini da wanda zai biya kuɗinsa. Kuma ke za ki rubuta masa abin da zai faɗa a kan kayan: idan yadin haɗin auduga da roba ne, kada ya ce auduga zalla, idan yana zuba a wankin farko, kada ya rantse ba ya zuba. Mai saye ba wurinsa za ta mayar da kaya ba, shagonki za ta zo.

Idan yaron ya ce shi ba ya gwaji, ba ya sa hannu a takarda, sai dai dubu 600 a dunƙule, ki raba dubu 100 ɗin gwajin tsakanin ƙananan masu shafi uku, kowacce da kalmarta ta ragi, ki ga wadda ta kawo ciniki cikin mako biyu.