Ƙanena ya ƙirƙiro wasa, ta ina zan tallafa masa?

Yaya, kin ce ƙanenki a unguwar Nima da ke Accra ya ƙirƙiro wasa mai kama da ludo, jari ne babu.

Kada ki yi gaggawar kai wasan maɗaba'a. Ya zana shi a kan kwali, marafan kwalba su zama 'ya'yan wasan, ya kai majalisar masu buga dara, ya koma gefe ya zuba ido. Duk inda gardama ta kaure, wurin na neman gyara. Sai baƙi sun iya bugawa ba da bakinsa ba, sannan ku buga kwafi kaɗan a maɗaba'un unguwar Accra New Town.

Kickstarter kuwa, wato shafin intanet da ake neman tallafin kuɗi daga jama'a don sabbin ƙirƙire-ƙirƙire, ba ya barin mazaunin Gana ya nemi tallafi da kansa. In zai bi ta hannun wani a waje, a rubuta yarjejeniya, ko ɗan'uwa ne.