Bayan Ziyarar Fas Ina Son Shiga Tsaunukan Maroko: Ina Zan Nufa, Kuma Jikina Zai Ɗauka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Bauchi, ina sayar da shadda da atamfa, shekaruna 47. In Allah ya yarda bana zan bi ayarin 'yan'uwa zuwa Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Ina so idan ayari ya juyo gida ni in ƙara mako guda in shiga tsaunuka. Na ga hotunan dutsen Tubkal a Facebook ya ba ni sha'awa, amma ba na son wurin da baƙi suka yi cincirindo. Tun ina yaro nake hawan dutse, na hau Zaranda, na hau Mbula a Dass. Ina ya kamata in nufa? Jikina zai ɗauka? Yaya batun sallah da abinci?

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya karɓi ziyara, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Zan fara da tambayarka ta biyu, don ita ce mai rai a ciki. Zaranda da Mbula sun ba ka ƙafa da numfashi, kuma wannan jari ne. Amma abin da ke kayar da mutum a tsaunukan Atlas ba gajiyar ƙafa ba ce, tsayin wurin ne kansa. Garin Bauchi yana kan mita 600 da 'yan kai sama da teku. Wurin da ya fi ko'ina tsayi a Najeriya kaf, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ciwon tsauni kuwa daga wajen mita 2,500 yake fara kama mutane. Ka ga ke nan duk hawan da ɗan Najeriya ya yi a gida, bai taɓa taka inda wannan ciwo ke farawa ba. Tubkal mita 4,167 ne. A can, kowace shaƙa da ka yi, oksijin ɗin da ke cikinta bai wuce wajen kashi 60 cikin 100 na wanda ake samu a bakin teku ba. Jiki yana sabawa, amma kwanaki yake so, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa.

Na ga wannan da idona. A wata tafiya akwai wani matashi cikinmu, ɗan ƙwallo, shi ne kullum a gaba yana jiranmu. Da muka isa masauki a sama, ciwon kai ya sa shi gaba, ya kasa cin abinci, ya yi ta amai. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya haɗiyi magani, yana cewa da asuba zai hau tare da mu. Jagoranmu ya ce sam, ya ɗora shi kan alfadari aka sauko da shi. Kafin su isa ƙauyen da ke ƙasa har ya fara neman shayi da burodi. Maganin ciwon tsauni ke nan: sauka. In ciwon kai ne da kasala da rashin barci, ka tsaya inda kake, kada ka ƙara hawa sai ka warware. In kuwa ka fara tangaɗi kamar mai jiri, ko magana ta rikice, ko kana haki alhali a zaune kake, ko tari ya zo da kumfa, to ruwa ne ya fara taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i. Ba a jiran gari ya waye.

Akwai abin da littattafan tafiya na Turawa ba su cika kawowa ba, alhali mu ya fi shafa. Kafin ka biya kuɗin komai, je asibiti a duba maka jini, ka san ko AA kake ko AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar sikila, da yawa ba su ma sani ba tunda ba ta taɓa damunsu ba. A wuri mai tsayi, in ƙarancin oksijin ya haɗu da ƙishirwa da wahala, jinin mai AS kan iya toshe jijiyoyin saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ba kowane mai AS hakan ke samu ba, amma likita ne zai faɗa maka iyakarka. Mai SS ko SC kuwa, ban yarda ya nufi ƙololuwa ba ko kaɗan. Tunda ka kai 47, a auna hawan jini da suga a zama ɗaya, ka kuma tambayi likitan batun ƙwayar Diamox da ake sha don taimaka wa jiki sabawa. Kada ka saya a kemis da kanka. Sannan ka riƙe wannan: tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Maroko ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, don haka ma'aikacin asibitin ƙauye a can ba shi zai fara zuwa masa a rai ba. In zazzaɓi na gaske ya kama ka, jiki ya yi zafi da rawar ɗari, ka faɗa masa daga Najeriya ka zo, a gwada jininka.

Yanzu batun inda za ka nufa. Ba na ba ka shawarar Tubkal. Dalili na farko shi ne wanda ka faɗa da bakinka: ƙauyen Imlil da ake tashi daga cikinsa tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga Marakish, don haka a lokacin hawa hanyar cike take da mutane da alfadarai. Dalili na biyu ya fi nauyi. Yadda aka saba yin sa, yau ka tashi daga Imlil, mita 1,740, ka kwana a masaukin da ke kan mita 3,200, gobe da asuba ka hau ƙololuwa. Kusan mita 1,500 ke nan a wuni guda, alhali likitocin tsauni cewa suke in an wuce mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ga wanda bai san yadda jikinsa ke yi a sama ba, ganganci ne. In ka ce lallai sai shi, ka sani tun bayan kisan wasu 'yan mata biyu daga Denmak da Norwe kusa da Imlil a Disamban 2018, ba a barin kowa ya hau sai da jagora, kuma ana duba fasfo a hanya.

Inda zuciyata ta kwanta maka da shi shi ne kwarin Ait Bugmez, a lardin Azilal, tsakiyar Atlas. Kwari ne mai faɗi a kan wajen mita 1,800, tsaunuka sun kewaye shi ta ko'ina. In ka shiga za ka ji kamar ka san wurin. Gidajen ginin ƙasa ne masu soro, wasu hawa biyu wasu uku, launinsu ɗaya da dutsen da suka jingina da shi. Ƙasan kwarin kuwa kore shar: sha'ir, alkama, dankalin turawa, gonakin tuffa, ga ƙananan magudanai da ake rabon ruwa bi da bi, irin yadda masu lambu ke yi a fadama. A tsakiya akwai wani tudu mai tsini, a kansa tsohon rumbun Sidi Musa, inda a zamanin da mutane ke tara hatsinsu wuri guda saboda mahara. Ka hau shi bayan la'asar ka dubi ƙauyukan, ka jira kiran magariba ya riƙa tashi daga wannan masallaci zuwa wancan. Ni dai a duk yawon da na yi ban ga inda ya shiga raina kamar nan ba. Babban garin kwarin shi ne Tabant, kasuwarsa ran Lahadi take ci, kuma nan aka kafa makarantar horar da jagororin tsauni, saboda haka jagora mai takarda ba ya wuyar samu. Da ɗan gari akan ci gari. Kada ka shiga dutse kai kaɗai, kuma kada ka ɗauki wanda ya tare ka a tasha ba tare da ka ga katinsa ba.

Daga wannan kwari ake hawan dutsen Mgun, mai mita 4,071. Ana tashi daga ƙauyen Aguti, a kwana a hanya, a tsallake mashigi mai tsayi a sauka filin Tarkeddit, wajen mita 2,900, inda makiyaya ke kawo tumaki da awaki da bazara. Daga nan a hau ƙololuwa ta kan wani dogon doron dutse mai iska, a dawo. Kwana huɗu ne in komai ya tafi daidai. To lissafa: daga Fas zuwa Bani Mallal a bas, daga nan tasi zuwa Azilal, wuni ya tafi. Washegari ka shiga kwarin. Kana bukatar kwana biyu a ciki jiki ya saba. Ga kwanan komawa Kasabalanka don hawa jirgin gida. Mako guda bai isa ba, sai an yi gaggawa, kuma gaggawar ce nake gudar maka. In za ka iya barin shago kwana goma, bismillah. In mako guda ne tak, ka bar ƙololuwa. Ka yada zango a gidan saukar baƙi na ƙauye, kullum ka fita da jagora ku hau ku sauko, yau mita 2,300, gobe ka ɗara, ka dawo ka kwana a ƙasa. Za ka ga makiyaya, ka ga sawun dabbobin zamanin da, dinoso, da ya daskare a jikin dutse a wani ƙauyen kwarin, ka kuma gane yadda jikinka ke ɗaukar tsayi. Wata shekara in ka dawo, ka san kanka.

Lokaci mafi kyau shi ne daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sai Satumba da Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu dusar ƙanƙara ce a sama, wannan aikin masu kayan ƙarfe ne a ƙafa, ba naka ba. In ayarinku na watan Maulidi ne, a shekarun nan wajen Agusta yake faɗowa. Fas za ta yi zafi, tsauni kuma lokacin hadarin yamma ne: ruwa ya sauka can inda ba ka gani, nan take rafi busasshe ya cika ya taho da duwatsu. Haka ambaliya ta cinye mutane da dama a kwarin Urika a Agustan 1995. Kada ka kafa tanti a cikin rafi komai kyan yashinsa, kuma in jagora ya ce yau ba a shiga matsatsin da ke tsakanin duwatsu, ka ji.

Sanyi ma kada ka raina shi don bazara ce. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. Daren Tarkeddit ya wuce hunturun Jos. Ka nemi rigar sanyi mai tare iska, hular sanyi, safar hannu, da tabarau mai duhu. Takalmi mai kama idon sawu ka saye shi tun yanzu, ko na gwanjo ne, ka riƙa hawan Zaranda da shi da jaka a baya har ya saba da ƙafarka. Sabon takalmi a rana ta biyu yake fasa dunduniya.

Sallah ba za ta ba ka wahala ba. Mutanen kwarin Amazigawa ne Musulmi, 'yan mazhabar Malikiyya kamar mu, kuma karatun Warshu suke yi, irin wanda aka biya mana a makarantar allo. Kowane ƙauye da masallacinsa, masu alfadaran da za ku tafi tare ma ku yi jam'i. Kai matafiyi ne, ga ƙasaru. A sama in ruwa ya yi sanyin da zai cutar, ka sa a ɗumama maka a buta, in ya gagara ga taimama. Abinci halal ne: burodi da man zaitun, miyar nama da kayan lambu da suke kira tajin, kuskus ran Juma'a, da shayin na'a-na'a mai zaƙi. Ka tafi da yajinka, don abincinsu ba ya da zafi. Ruwan rafi sai an tafasa, kuma ka sha da yawa ko ba ka jin ƙishi.

Harshensu Tamazigt ne. Larabcin littafi zai yi maka amfani wajen liman da malaman makaranta, jagorori kuma yawanci suna jin Faransanci, wasu da Turanci. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mata a gona sai an ba ka izini. Kuɗi kuwa, ka canza dirhami isasshe tun a Fas ko Azilal, kada ka dogara da katin banki a cikin kwari. Ka yi ciniki da jagora da mai alfadari tun kafin a ɗaura kaya: kwana nawa, wa ke ciyar da wa, nawa ne in an fasa saboda rashin lafiya.

Abu na ƙarshe ka yi shi tun kana Bauchi. Bizar ayari da tikitin ayari sau da yawa rana ɗaya ake yanka wa kowa. Ka zauna da shugaban ayarinku ka tabbatar kwanakin bizarka sun rufe ƙarin da kake so, kuma an sauya maka ranar dawowa a rubuce. In sakamakon gwajin jinin ya fito, ka sake rubuto mini da shi da watan tafiyar, in tsara maka kwanakin ɗaya bayan ɗaya yadda Lahadi za ta same ka a Tabant.