Ba tardigired ba ce, rotifa ka gani

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka jiƙa gansakukar da ka kankaro daga jikin bango, ka ga wata halitta a madubin ƙara girma tana miƙewa tana takurewa, da wasu abubuwa biyu a kanta masu juyawa kamar taya, kana tambaya ko tardigired ce, wato ƙanƙanuwar dabbar nan da ake samu a cikin gansakuka.

A'a, rotifa ce, wata ƙanƙanuwar dabbar ruwa, irin da ake kira bideloyid. Tayoyin nan ba juyawa suke ba, siraran gashi ne jere suke kaɗawa bi da bi, suna jawo ruwa da ƙwayoyin abinci zuwa bakinta. Ka ƙara girman zuwa ninki 100 ka duba ƙasan wuyanta, za ka ga wani abu yana motsi kamar bugun zuciya. Muƙamuƙinta ne yake niƙa abinci. Tafiyarta kuwa irin ta matsattsaku ce, ta kafa gindi ta miƙa kai. Abin mamaki, wannan jinsin na bideloyid duk mata ne, babu namiji a cikinsu.

Ita tardigired ƙafafu takwas gare ta, gajeru masu farata, tana tafiya a hankali, yawanci ba ta wuce rabin milimita. In ka ga siririn zare yana ta mutsu-mutsu hagu da dama, nematod ce, wata irin ƙaramar tsutsa.

In tardigired kake nema, bar gansakukar ta kwana a ruwan sama, kada ka sa na famfo saboda kulorin. Matse ta a faranti, ka ɗebi abin da ya kwanta a ƙasa, ka fara da ninki 40.