Zauren Masu Hoto: Tsohon gilashi a bakin sabuwar kyamara

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda, wato ɗaura gilashin tsohuwar kyamarar fim a kan kyamarar dijital mai madubi, irin wadda ake kira DSLR. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana sana'ar hoto a Katsina, kuma da muka buɗe akwatinsa mun tarar da kyamara ƙirar Zenit tare da gilashi mai rubutun Helios-44-2, 2/58. Ni da Canon 600D nake aiki. Shin zai hau kanta, kuma zan iya ɗaukar hawan sallah da shi a Ƙofar Soro? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Gilashin zai hau, zai kuma yi aiki daga kusa har zuwa nesa, amma ina so ka fahimci dalili, domin dalilin ne zai tsare maka kuɗinka duk ranar da ka ci karo da wani tsohon gilashi a hannun 'yan gwanjo.

Duk wanda ya kalli majigi a dandali ya san cewa hoton ba ya fita tangaram a jikin farin ƙyalle sai mai majigin ya daidaita tazara. Haka abin yake a cikin kyamara. Kowane kamfani ya ƙayyade tazara tsakanin bakin da gilashi yake zama a kai da wurin da hoto yake sauka, wanda a da fim ne, yanzu kuma farantin nan ne da ake kira sensa, kuma a kan wannan tazara ake ƙera kowane gilashi. A bakin Canon EF, wanda kyamararka take da shi, tazarar milimita 44 ce. Gilashin Baba kuwa na bakin M42 ne, baki mai tiredi da ake murɗawa kamar murfin kwalba, wanda ya fito daga Jamus ta Gabas a 1949, kuma tazararsa milimita 45.46 ce. Ka ga ke nan gilashin yana neman ya zauna nesa da sensa fiye da inda bakin Canon ya tsaya, da ratar da ba ta cika milimita ɗaya da rabi ba. Adaftar M42 zuwa EF zoben ƙarfe ne kawai mai wannan kaurin, babu gilashi a cikinta, babu waya, ta cike ratar ta mayar da gilashin daidai inda maƙeransa suka nufa. Ƙa'idar ke nan baki ɗaya: idan tazarar tsohon gilashi ta fi ta kyamara tsawo, akwai wurin sa zobe, idan kuwa ta gaza, babu. Shi ya sa Canon EF take karɓar baƙi da yawa, irin su Pentax K mai 45.46, da Contax/Yashica mai 45.5, da Olympus OM mai 46, da Nikon F mai 46.5, da Leica R mai 47.

Kafin ka sayi komai, auna faɗin tiredin da rula, domin tsofaffin Zenit na farko sun zo da baki mai milimita 39, kuma adaftar 42 ba za ta kama shi ba.

Da zarar ka ɗaura shi, kyamarar ba za ta san cewa akwai gilashi a bakinta ba. Za ka ga ta rubuta 00 a gurbin lambar ƙofar haske, wato ramin cikin gilashi da ake buɗewa ko tsukewa domin ƙayyade hasken da zai shiga, kada wannan ya tayar maka da hankali. Ka sa ta a kan Av, inda kyamara take zaɓar gudun shota da kanta (shota shi ne labulen da yake buɗewa ya bar haske ya sauka a kan sensa), ko M, inda kai ne kake saita komai. Fokas da hannu za ka yi shi, ƙofar haske ma da hannu, kuma tsarin aikin shi ne ka buɗe ƙofar gaba ɗaya domin ka gani sosai, ka saita fokas, sannan ka tsuke ta zuwa inda kake so, ka bar kyamara ta auna hasken da ya rage, ka danna. Helios-44-2 ya dace da wannan aiki ƙwarai, saboda yana da zobba biyu a gabansa, ɗaya na ajiye lambar da ka zaɓa, ɗaya kuma mai sulɓi wanda yake kai ka wurin lambar ba tare da ka cire ido daga tagar leƙe ba. Waɗansu ƙannensa, kamar Helios-44M-4, da ɗan fil a bayansu suke tsuke ƙofa, ba su kuma da makunnin mayar da su aikin hannu, saboda haka sai an nema musu adafta mai leɓe a ciki wanda zai danne fil ɗin. Naka bai buƙaci wannan ba.

Wahalar tana wajen fokas. Tagar leƙen 600D ƙarama ce, an kuma yi ta ne domin gilasan da suke saita kansu, saboda haka ido yakan yarda cewa hoto ya fita alhali bai fita ba, musamman a f/2, wato lokacin da ƙofar take a buɗe gaba ɗaya. Maganinsa shi ne ka kunna kallon allo na baya, ka ƙara girman wurin da kake so sau biyar ko sau goma, ka murɗa a hankali har gashin ido ya fito ɗaya bayan ɗaya. Ana sayar da adafta mai ɗan guntun lantarki a jiki, wadda take sa kyamara ta yi ƙara idan fokas ya zauna. Tana taimakawa, amma a ganina allon baya ya fi ta gaskiya, kuma mai arhar cikinsu guntun yakan ɓanɓare.

Game da hawan sallah kuwa, ka san cewa sensar kyamararka ta fi fim ƙanƙanta, saboda haka tsakiyar hoton kawai take ɗauka, kuma ana lissafin wannan da ninki 1.6. Milimita 58 ɗin nan zai nuna maka abin da gilashi mai kusan 93 yake nunawa a kan fim. Wannan ya yi kyau ga fuskar mahayi da rawaninsa da adon doki, amma ba zai haɗa maka tawagar hakimi guda a hoto ɗaya ba sai ka ja da baya sosai, a ranar da babu wurin ja da baya. Dokin da ya taso a guje lokacin jafi kuma ba ya jiran mai murɗa zobe. Dabarar da su Baba suka yi aiki da ita ita ce ka zaɓi wani wuri a ƙasa inda ka san dawakai za su bi, ka saita fokas a kansa tun kafin su iso, ka tsuke ƙofa zuwa f/8 domin zurfin abin da zai fita ya ƙaru, ka ɗaga gudun shota zuwa 1/1000 na daƙiƙa, ka jira doki ya shigo wurin da kansa. Duk da haka, idan aikin kuɗi ne, ka riƙe gilashinka na zamani a jaka. Inda Helios yake nuna kansa shi ne hoton mutum ɗaya a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya da yamma, ƙofa a buɗe, inda hasken da yake ratsa ganye yake murɗewa a bayan mutum kamar guguwa. Wannan hali ya gada ne daga ƙirar Biotar ta kamfanin Zeiss, wadda Tarayyar Sobiyet ta kwaikwaya ta buga da yawan gaske, abin da ya sa har yau ba ya tsada. Idan wata rana ka koma babbar Canon irin 5D, ka yi hattara, domin madubinta ya fi girma, kuma yakan taɓa bayan waɗansu gilasan M42 idan an murɗa su zuwa ƙarshen nesa.

TAMBAYA: Malam, ina ɗaukar hotunan biki a ɓangaren mata da Nikon D3200. Na sayi gilashin M42 mai milimita 50 tare da adafta a wani shago. Fuska ta kusa tana fita, amma da na tsaya daga nesa zan ɗauki ginin rijiyar Kusugu, duk yadda na murɗa sai dishi-dishi. Mai shagon ya cuce ni ne? Daga wata mai karatu a Daura.

AMSA: Malama, ba lallai ne ya cuce ki da gangan ba, amma ya sayar miki da abin da bai yi miki bayaninsa ba. Gilashinki lafiyarsa ƙalau. Ki duba lissafin da na yi wa mai tambaya na farko, domin naki kishiyarsa ne. Bakin Nikon F, wanda kamfanin yake amfani da shi tun 1959, tazararsa milimita 46.5 ce, ta M42 kuwa 45.46, wato gilashin yana son ya shige cikin kyamarar da kimanin milimita ɗaya, ga shi kuma adafta ta ƙara turo shi waje da nata kaurin. Gilashin da aka nisanta da sensa yana ganin kusa, yana rasa nesa, don haka ba zai wuce 'yan taku kaɗan daga inda kike tsaye ba.

Akwai adafta mai ɗan gilashi a tsakiya wadda take dawo da nesa, sai dai ɗan gilashin nan yawanci mai arha ne, yana rage kaifin hoto, yana sa hazo a gefe idan ƙofa a buɗe take, yana kuma ɗan ƙara kusanto da abu. Ni da zan ba ki shawara, ki bar wannan gilashi a yadda yake, ki mayar da shi na ɗaukar lalle a hannun amarya, da zobe, da ɗinkin gaban riga, domin a wannan aikin aibinsa ya zama alheri. Don nesa kuma ki nemi tsohon gilashin Nikon ɗin kansa, irin Nikkor 50 f/1.8 mai tsarin AI (tsarin Nikon da gilashi yake sanar da kyamara lambar ƙofar haske ta wani ɗan tudu a bakinsa), wanda zai hau kyamararki babu adafta. Ki sani dai D3200 ba ta auna haske da gilashin da ba shi da lantarki, sai a kan M kawai za ta ɗauka. A tsakar ranar Daura ki fara da ISO 100 (ISO ma'aunin ƙarfin jin hasken sensa ne), shota 1/125, ƙofa f/16, ki duba allo ki gyara, a inuwa kuma ki buɗe ƙofar zuwa f/5.6 ko f/4. Wani kashedi ga masu manyan Nikon irin D7000 da D600: gilasan da aka yi kafin 1977, waɗanda ba a mayar da su AI ba, suna iya danne ɗan harshen da yake gefen baki su karya shi. Taki ba ta da wannan harshen.

TAMBAYA: Na samu gilasan Canon FD guda biyu. Tunda duk Canon ne, ai za su hau Canon ɗina ta dijital ko? Daga wani ɗalibi a Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Ba za su hau ba, ɗan'uwa, sunan ne kawai ɗaya. Canon ta bar bakin FD ta koma EF a 1987, kuma tazarar FD milimita 42 ce, ta gaza 44, saboda haka matsalarka irin ta Malamar Daura ce. Haka ma gilasan Minolta MD masu 43.5. Kada ka sayar da su da arha, ka adana su har ka samu kyamara marar madubi, domin a can babu akwatin madubin da yake cin wuri, tazarar Sony E milimita 18 ce, ta Canon RF 20, ta Nikon Z 16, kuma zobe marar gilashi ya ishe su.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da gilashi ƙirar Super-Takumar 50 f/1.4. Idan na leƙa cikinsa sai in ga ya yi rawaya kamar ruwan shayi, akwai kuma wani abu kamar saƙar gizo-gizo a gefe. Ya lalace ne? Daga wani tsohon mai sutudiyo a Daura.

AMSA: Alhaji, abubuwa biyu ne daban, kuma wanda ya fi ba da tsoro a ido shi ne mafi sauƙi. Kamfanin Asahi na Japan ya sa sinadarin toriyom a cikin ƙwayar gilashin waɗansu Takumar domin inganta yadda take karkatar da haske, kuma sinadarin yana fitar da ɗan tururin nukiliya wanda yake rina gilashin a hankali cikin shekaru. Ɗaukar hoto da shi kamar yadda aka saba ba abin fargaba ba ne, amma kada a fasa shi, kada a goge shi da abin da zai kankare shi, kada kuma a bar wa yara su riƙa kara shi a ido. A kyamarar dijital, gyaran farin launi yana share mafi yawan rawayar. Hasken da ake kira UV kuma yana wanke ta idan gilashin ya sha shi kwanaki ko makonni. Turawa sukan ajiye shi a bakin taga, amma ranarsu ba irin tamu ba ce. Zafin Daura a watan Afrilu zai narkar da giris ɗin da yake cikin zoben fokas ya gangaro kan ganyayyakin ƙofar haske su manne, kuma gilashin da ya fuskanci rana kai tsaye yana iya tara ta ya ƙona abin da yake bayansa. Ƙaramar fitilar UV a cikin ɗaki ta fi aminci.

Saƙar gizo-gizon ita ce abin damuwa, domin fumfuna ce, kuma tana kama gilashin da ya kwana cikin jakar fata a akwati a rufe, damina bayan damina. Idan a gefe take kuma ba ta yi yawa ba, da wuya a gan ta a hoto, amma tana yaɗuwa, kuma idan ta daɗe tana cin rufin da aka shafa wa gilashin, ta bar tabon da ba ya gogewa. Ku haska tocila ta baya ku leƙa ta gaba a karkace domin ku ga iyakarta, ku raba shi da sauran gilasanku, sannan ku kai wa mai gyaran kyamara wanda yake da maɓallin kwance zoben gaba, kada a gwada da sukuddireba. Bayan an wanke shi, ku ajiye shi a robar da take rufuwa ruf tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, ku riƙa fito da shi yana ganin haske a watannin Yuli da Agusta. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, saboda haka ku hure ta da robar hura iska kafin ƙyalle ya taɓa gilashin, kuma idan za ku sauya gilashi a waje, ku kashe kyamarar ku juya bakinta ƙasa.