Kaɗanya biyu a gona ɗaya, me ya sa ɗaya ta fi haihuwa?

Tambaya: Malam, ina da kaɗanya biyu a gonata, tsakaninsu bai kai taku talatin ba, kuma girmansu ɗaya. Ɗaya kowace shekara sai ta cika ƙasa da 'ya'ya, ɗayar kuwa da ƙyar a tsinci cikin ƙwarya. Shin in sare ragguwar?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah ka ajiye gatarin tukuna. Kaɗanyar da ta fito daga ƙwara kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa, ba ta kai ƙarfinta sai wajen shekara 40 ko 50. Tun tana tsiro saiwa take fara turawa can ƙasa kafin ta ɗaga kai, shi ya sa girma ba ya faɗin shekarunta. Mai yiwuwa ragguwar taka yarinya ce.

In ma sa'o'in juna ne, ba lallai halinsu ya zo ɗaya ba. Ƙudan zuma ne ke ɗauko garin fure daga wata bishiyar zuwa wata, saboda haka kowace ƙwara da irin gadonta, kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya. Wata mai yawan 'ya'ya, wata mai manyan ƙwara, wata ta yi bana ta huta baɗi. Ko a faɗin Afirka iri biyu ne: namu na yamma, da na gabas wajen Yuganda da Sudan ta Kudu, wanda mansa ya fi laushi.

Abin da nake so ka yi shi ne ka je gindinsu da rani, lokacin da suka zubar da ganye suka yi huda. Da sassafe za ka ga furen fari-fari cunkus a bakin rassa, ka ji ƙamshi da gunjin zuma a sama. Wadda ka ji shiru a kanta, to akwai magana. A nan ake cin amfanin ko a rasa shi, tun kafin ruwan farko: wutar daji in ta lashi rassan, ko iska mai ƙarfi ta kakkaɓe furen, shekarar ta tafi.

Sannan ka ɗaga kai ka nemi kauci. Wani cunkuson ganye ne daban a kan reshe, furensa ja-ja kamar tsinken ashana, yana tsotse ruwan bishiyar. Ni na fi zarginsa, domin yana raunana kaɗanya ƙwarai. In ka same shi, datse reshen daga ƙasan inda ya kama.

Ka auna abin da kowacce ta bayar, ka rubuta, damina uku a jere. In har ragguwar ba ta motsa ba, a yi aure: a yanko ɗan reshe daga mai haihuwar a ɗaura a kan ƙananan da suka tsiro a gonar, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Mai aure na gadon halin uwar, kuma ba ta kai waɗancan shekarun kafin ta fara haihuwa.