An ce mu biya kuɗin kujera ko mu rasa wurin zama, maƙwabciya kuma tana son kilon Mama

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ina cikin damuwa. Zan kai mahaifiyata Umara tare da ɗana mai shekara 5. Daga Kano za mu tashi, mu yada zango a wata ƙasa kafin Jidda. Mun gama biyan tikiti sai ejan ɗinmu ya kira ni ya ce saura kuɗin kujera, naira 45,000 kowa, in ba mu biya ba wai ba mu da tabbacin wurin zama, kuma za a iya raba ni da yaron. Mama tana fama da ciwon gwiwa, ni kuma kuɗin hannuna ya ƙare. Da na ba wata maƙwabciyarmu labari sai ta ce za ta biya mana, in dai za mu tafi mata da jaka ɗaya a kilon Mama tunda ba ta da kaya da yawa, wani zai karɓa a Jidda. Ta ce kayan miya ne kawai, kuka da daddawa da yaji. Shin kuɗin kujerar nan dole ne? Kuma in karɓi tayin nata?

Daga wata mai karatu a Kano

AMSA

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa a je a sa'a. Kuɗin kujera ba dole ba ne. Jakar maƙwabciya kuwa kada ki karɓa, ko da tikitin gaba ɗaya ta ce za ta biya muku.

Tikitin da kika biya, kujera kika biya. Jirgin fasinja ba ya tashi da kowa a tsaye, duk wanda aka ba katin shiga jirgi akwai lambar kujerarsa a jikin katin. Abin da kamfani ke sayarwa daban shi ne damar ki zaɓi wadda kike so tun kafin ranar tafiya: ta taga, ta bakin hanya, ta gaba-gaba, ko mai filin miƙe ƙafa. In ba ki zaɓa ba, kwamfuta ce za ta raba muku lokacin cekin, wato lokacin da ake tantance fasinja a ba shi katin shiga jirgi, ba tare da kin ƙara sisi ba. Ejan ɗin da ya ce miki babu tabbacin wurin zama, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuma ya ga kina tare da tsohuwa da yaro ya ce bari ya tsorata ki.

Sai dai shi kansa kuɗin ba ejan ne ya ƙirƙiro shi ba. A da, tikiti ɗaya ya ƙunshi komai: kujera, akwati, abinci. Kamfanonin arha na Turai irin su Ryanair ne suka fara rarrabe su, kowanne da farashinsa. A 2008, da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, American Airlines ya sa dala 15 a kan akwatin farko, sauran manyan kamfanonin Amurka suka bi sahu, kuma da mai ya sauko ba su janye ba. Wani kwamitin bincike na majalisar dattawan Amurka ya bayyana a Nuwamba 2024 cewa kamfanoni biyar kacal sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera tsakanin 2018 da 2023. Dabarar ita ce a nuna miki tikiti mai arha a farkon shafi, ki shiga, sannan a riƙa ɗora miki ƙari ɗaya bayan ɗaya. Raba uwa da ƙaramin ɗanta don a tilasta mata biya kuwa, a ganina ba ciniki ba ne, zalunci ne, kuma wasu ƙasashe sun fara taka masa burki. Sifaniya ta ci tarar kamfanoni biyar yuro miliyan 179 a 2024, cikin laifukan har da karɓar kuɗi kafin a zaunar da yaro kusa da mai kula da shi. Indiya ma a 2024 ɗin ta umarci kamfanoninta su zaunar da yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa kusa da ɗaya daga iyayensa in tikitinsu a haɗe yake.

Ga abin da za ki yi tun yau. Ki ce ejan ya turo miki lambar bukin ɗinku, wato lambar rajistar tafiyarku a kamfanin jirgi, mai haruffa da lambobi shida, tare da lambar tikitin kowa mai lambobi 13. Ki shiga shafin kamfanin jirgin da kanki, ko ki sa wani ɗanki ya shiga, ki sa lambar da sunan da ke fasfo. Nan za ki ga ko ku ukun a bukin ɗaya kuke. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin in an yanka wa yaron nasa daban, kwamfuta ba ta san ɗanki ne ba. Nan kuma za ki ga ainihin farashin kowace kujera. Ki lura, kuɗin na kowane tashi ne. Ku da za ku yada zango, tashi huɗu ke gabanku zuwa da dawowa, saboda haka ki tambaye shi 45,000 ɗin na wanne ne a ciki. In kuma kin biya, akwai rasit na kamfanin jirgi da ke fita da sunan fasinja. Duk kuɗin kujerar da ba shi da wannan rasit, aljihun wani ya shiga.

Yawancin kamfanoni suna buɗe cekin ta intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Ki kasance cikin na farko, lokacin kujeru a jere suna nan. Yin haka yana kare ki daga abu guda da ke da ƙamshin gaskiya a maganar ejan: kamfanoni kan sayar da tikiti fiye da kujerun jirgi, kuma in kowa ya zo, wanda ya makara a cekin shi aka fi bari. In duk da haka aka raba ki da yaron, ki faɗa a kanta, in ba a gyara ba ki faɗa wa ma'aikatan cikin jirgi, su ma ba sa son ɗan shekara 5 a tsakanin baƙi. Mama kuma ki nema mata keken guragu tun awa 48 kafin tafiya, ba a biyan kuɗinsa, kuma zai yi mata amfani ƙwarai a filin da za ku canja jirgi. Kada wani ya sayar mata da kujerar bakin ƙofar gaggawa da sunan miƙe gwiwa, ba a zaunar da mai rauni ko yaro a can, za a tashe ta. In kina da ɗan abin da za ki iya biya, ki saya wa Mama ita kaɗai ta bakin hanya a tashin da ya fi tsawo.

Yanzu maganar jaka, wadda ita ce ta fi tayar min da hankali a wasiƙarki.

Kusan kullum sai na ji wannan magana a ofis: “Ai kilona ya rage.” Mutanenmu sun ɗauka kilo 23 ko 46 da aka rubuta a tikiti wata dukiya ce da mutum zai iya kyautarwa, ko ya sayar, ko ya yi sadaka da ita. Sai ka ga dattijo mai hankali, wanda ba zai sa hannu a takardar da bai karanta ba, ya tsaya a layin awo ya karɓi bakko ɗaure da igiya daga hannun mutumin da bai taɓa gani ba, don kawai an ce masa “Alhaji a taimaka, kayana sun yi yawa.” Tsadar kuɗin ƙarin kaya ita ta buɗe wannan ƙofa, masu safarar ƙwaya kuma sun san da ita sarai.

Ki kalli abin da ke faruwa a kanta. Ana ɗora jaka a sikeli, na'ura ta fito da doguwar takarda mai manne, a naɗa ta a hannun jakar. A jikinta akwai sunan fasinja, lambar jirgi, inda za shi, da lambar jakar. Ana yage ɗan guntunta a manna a bayan katinki ko fasfo. Daga wannan lokacin jakar ta Mama ce a idon kowace hukuma. Jami'in kwastan a Jidda bai san maƙwabciyarki ba, bai san unguwarku ba, ba ruwansa da cewa shekara ashirin kuna gaisawa. Suna zai karanta. In aka farke gindin jakar aka sami tramadol, ko aka fasa ƙullin daddawa aka ga hodar iblis, tsohuwa mai ciwon gwiwa za a riƙe. Kuma Saudiyya ƙasa ce da ke yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, ta kuma zartar da shi a kan 'yan Najeriya, har da mace a Afrilun 2019. Ko goro da muke ganin ba komai ba ne, an hana shiga da shi, duk shekara sai Hukumar Alhazai ta ja kunne a kai.

Mu a Kano ba labari muka ji ba. A Disamba 2018 wata ɗaliba ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Aka kama ta a Saudiyya saboda wata jaka mai tramadol da ke ɗauke da sunanta, jakar da ba ta taɓa gani ba. Binciken NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgi suka manna mata suna. Wata huɗu ta yi a tsare, sai da gwamnatin tarayya ta shiga maganar kafin aka sake ta a ƙarshen Afrilu 2019. A Agusta 2025 abin ya sake faruwa da masu Umara uku da suka tashi daga Kano, su ma sai da hukumomi suka yi ta kai-komo na makonni kafin aka sake su. Waɗannan fa ba su karɓi jakar kowa ba, ba da saninsu aka yi ba, shi ya sa aka sami hanyar wanke su. To ina ga wanda kyamarar filin jirgi ta nuna shi yana tura jakar da hannunsa, aka tambaye shi ko shi ya haɗa kayansa ya ce e? Me zai ce wa alƙali?

Ban ce maƙwabciyarki muguwa ce ba, ban san ta ba. Sau da yawa wanda ya kawo jakar shi ma ba shi aka yi, wani ya ba wani ya ba shi. Amma ki yi lissafi da kanki. Kujera uku naira 135,000 ke nan. Wace kuka da daddawa ce za a kashe wa wannan kuɗi don ta isa Jidda, garin da Hausawa mazauna can suka daɗe suna sayar da kayan miyarmu? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kada kuma ki ce za ki buɗe ki duba. Masu wannan sana'a suna ɓoyewa a cikin rufin jaka, a ƙarfen hannunta, a gwangwanin da aka sake liƙewa, a tafin takalmi. Idonki ba na'ura ba ne, ba kuma hancin karen kwastan ba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake shafa wa abin addini. A ce maka ai taimakon ɗan'uwa Musulmi ne, kai da za ka ɗakin Allah za ka hana? In ka ƙi a kira ka mai rowa. In abu ya faru kuma a ce tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. Mama amana ce a hannunki a wannan tafiya, fasfonta da sunanta da mutuncinta. Ba ki da hurumin ba da aron sunanta don jin kunyar maƙwabciya. Haka nan 'yan bumburutun filin jirgi da ke raɗa wa mutum “kawo a wuce maka da shi a rabin kuɗi”. Ta yaya zai wuce da shi? Sunan wani bawan Allah zai manna masa, kamar yadda wata rana za a manna naki. Ejan ɗin da ya ce miki yana da mutum a ciki da ke haɗa kayan fasinja da na wani, ki bar shi, ki nemi mai lasisin Hukumar Alhazai da ofis da za a iya zuwa a same shi.

Ita maƙwabciya ba sai kun yi faɗa ba. Ki ce mata kin bincika, kujerar ba ta buƙatar biya, kuma ba za ki ɗauki kayan kowa da sunan Mama ba. In kayan miya ne da gaske, akwai masu aika kaya ta kago, wato jigilar kaya zalla ba tare da fasinja ba, su auna, su rubuta sunanta, su ba ta rasit.

Ranar tafiya ku haɗa kayanku da hannunku, ku rufe da kwaɗo, kada jaka ta bar idonki har ta hau sikeli. Ki tsaya a kanta da kanki, kada ki miƙa wa kowa fasfo ya je ya yi muku awo. Kafin ki bar wurin ki ƙirga 'yan guntayen takardun da aka manna: jaka uku, guntu uku. Ki tambayi ma'aikacin jaka nawa kwamfuta ta nuna a sunan kowannenku, da nauyinsu, in bai yi daidai da abin da kika kawo ba kada ki motsa sai an gyara, in ya ƙi ki nemi shugabansa ko jami'an NDLEA da ke filin. Ki ɗauki hoton jakunkunan da guntayen a waya ki tura wa wani a gida. A dawowa ma haka, domin a Jidda roƙon ya fi yawa, kowa ya sayo tsaraba ta fi ƙarfin kilonsa. In naku ne suka yi yawa, ki sayi ƙarin jaka a shafin kamfanin tun kafin ku fito masauki, yawanci ya fi sauƙi a kan biya a kanta. Ki tuna kuma inda tikiti ya ce jaka biyu masu kilo 23, ba a haɗe su a jaka ɗaya mai 46, kuma ko da biya ba a karɓar jaka guda da ta wuce kilo 32. Zamzam lita 5 a kwalinsa na filin jirgi, ki duba a takardar tikitinku ko yana cikin abin da aka ba ku kafin ki saya.