Amsar Kawu kan ɗakin karaoke da wasan shiritori

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na gode Allah da sanyin Osaka bai kayar da kai ba. Ka ce malaminku da ɗaliban sashenku za su yi walimar ƙarshen shekara, wadda suke kira bonenkai, daga nan a zarce gidan karaoke, inda na'ura ke sakin kiɗa mutum ya rera waƙar da bakinsa, an kuma gaya maka kowa sai ya rera waƙa, har da wani wasan sarƙa kalmomi da ba ka gane kansa ba. Kana tambaya ko ka je, in ka je me za ka rera.

Ka je. Ka yi sallarka ta isha kafin ku shiga, domin in zama ya yi zama ba a sanin tafiyar lokaci. Za a sha giya, wannan babu tantama, amma kana cewa addininka ya hana za su ƙyale ka. Ka ce a kawo maka shayin ulon mai sanyi, su ma da yawansu shi suke sha. Abin taɓawa da za a jera a tebur ka riƙa tambaya, alade na shiga inda ba ka zata ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ba muryarka za a auna ba. A shekarun da na yi a Nagoya na ga mai muryar da za ta kori kaji an yi masa tafi raf-raf, na kuma ga gwani ya ƙosar da ɗaki saboda ya ƙi sakin makirufo. Tun asali don marasa murya aka yi abin. Daisuke Inoue, makaɗi ne a mashayun Kobe, nan kusa da kai, ya haɗa na'urarsa a 1971 don 'yan kasuwar da ke son rera waƙa ko babu makaɗi a kusa. Bai ma yi mata rajistar mallaka ba. A 2004 aka ba shi lambar barkwanci ta Ig Nobel ta zaman lafiya, wai ya koya wa mutane sabuwar hanyar haƙuri da juna, kuma ni ban ga ƙarya a ciki ba.

Ladubban ba su da yawa. Waƙa ɗaya za ka shigar a na'ura, ka jira zagaye ya dawo kanka. Kada ka maimaita wadda wani ya riga ya yi. In wani na rerawa ka ajiye waya, ka yi tafi, ko ka ɗauki kacau-kacau ɗin da ke kan tebur ka taya shi. Sai babbar: kowane dattijo yana da waƙar da aka san shi da ita, suna ce mata ohako. Ka tambayi tsofaffin ɗalibai wacce ce ta malaminku tun kafin ranar. Rera ta kafin shi tamkar ka hau buzun malam ne yana tsaye. Ba zai ce maka uffan ba, amma kowa ya gani. Sau da yawa kuma ƙaramin cikin taro ake turawa ya buɗe fage, don haka ka shiga da shirinka.

To, waƙoƙin. Kada ka biye wa abin da ke tashe a wayoyin yara. Irin su Idol ta YOASOBI gudu ne da su kamar ana bin mutum, 'yan ƙasa ma harshensu na sarƙewa. Ka nemi mai tafiyar hawainiya wadda tsoho da yaro suka sani, yadda in ka ɓata hanya ɗakin zai ɗauke ka.

Ta farko a wurina ita ce Ue o Muite Arukou ta Kyu Sakamoto, ta 1961. Kalmominta kaɗan ne, karinta a shimfiɗe yake. Ita ce ta hau saman jadawalin waƙoƙi na Billboard a Amurka a 1963 da sunan Sukiyaki, duk da ba a sauya mata harshe ba. Mawaƙin ya rasu a hatsarin jirgin saman da ya faɗi a dutsen Gunma a Agustan 1985, saboda haka dattawa na jin ta har zuci. In baƙo ya rera ta, za ka ga fuskar malam ta sake. Bayanta sai Sekai ni Hitotsu Dake no Hana ta ƙungiyar SMAP, wadda ta cika gari a 2003. Amshinta kowa ya haddace, kai dai ka fara. In sa'anninka sun fi yawa, Chiisana Koi no Uta ta Mongol800, samarin Okinawa, tana tayar da ɗaki. Linda Linda ta The Blue Hearts kuwa ta ƙarshen dare ce, ihu ya fi waƙa yawa a cikinta.

Kawa no Nagare no You ni ta Misora Hibari, wadda ta fito a 1989, shekarar rasuwarta, ka saurara amma ka bar wa manya. Haka duk waƙoƙin enka, salon da dattawansu ke so, masu karkarwar murya. Ba su da sauƙi yadda suke a kunne.

Rubutun da ke gudana a allo yana da ƙananan haruffan kana masu nuna furuci a saman kanji, haruffan nan masu wuya, in kana karanta hiragana, wato kana ta yau da kullum, ka tsira. Akwai madannin rage sauti in waƙa ta fi ƙarfin maƙogwaronka. Kuma ba abin kunya ba ne ka kama ɗaki kai kaɗai da rana, lokacin da kuɗin ke da sauƙi, ka gwada. Su ma suna yi.

Wasan da aka faɗa maka shiritori ne. Ka faɗi sunan abu, na gefenka ya kawo wani sunan da ya fara da gaɓar ƙarshe ta naka. Yara kan fara da ringo, wato tuffa, sai gorira, sai rappa, sai panda. Ba a maimaitawa. Wanda kalmarsa ta ƙare da harafin n ya faɗi, domin a harshensu ba a fara kalma da shi. Wani abin dariya, Japanawa da yawa da ba su san komai game da Chadi ba sun san sunan Njamena, saboda da shi masu gardama ke ceton wasa in an faɗa ramin n. Ka ajiye shi a aljihu, za su yi shewa. Masu mugunta kuma sukan yi ta jefa maka kalmomi masu ƙarewa da ru, sun san masu farawa da shi ba su da yawa. Kada ka yi wa malam haka.

A ɗakin karaoke da sunayen waƙoƙi ake yinsa, kuma a nan ne zaɓin da na yi maka zai yi rana. Sunan waƙar SMAP ya ƙare da gaɓar na, sai wani ya ɗauki Nada Sousou, wadda aka fi sani da muryar Natsukawa Rimi. Ita kuma a rubutunsu da u ta ƙare, ka ga hanya ta buɗe maka zuwa ta Sakamoto. In an jefo gaɓar ki daga waƙar Hanamizuki, akwai Kiseki, wadda ta fara da ki ta ƙare da ki, sai na gaba ya yi ta susar kai. Ramuka biyu ka kiyaye: Lemon ta Kenshi Yonezu da Robinson ta Spitz. Dukansu sanannu ne, bakinka zai yi saurin kai musu, dukansu kuma da n suka ƙare. Ka tambaya tun farko ko sai an rera waƙar duka ko amshi ya isa, kowane taro da tasa dokar.

Wayar bangon ɗaki za ta yi ƙara in lokaci ya kusa cika. Aikin ƙarami ne ya ɗauka, ya waiwayi manya ya tambaya ko a ƙara lokaci. Kuɗi yawanci raba su ake yi, ko da yake malam kan ɗauki kaso mafi tsoka, don haka ka tafi da tsaba a hannu. Ka duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe tun kafin ka shiga, wajen sha biyun dare suke tsayawa, kuɗin tasi kuma a can ba na ɗalibi ba ne. Washegari in ka ga malam ka sake yi masa godiyar daren jiya, suna lura da wannan sosai.

Mutanen gida duk suna gaishe ka. Ka kira babarka, ta ce kwana biyu ba ta ji muryarka ba. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Kawunka